Tambayi Masta: shaf ɗin gaba ya karye a daji, in sa na kuromoli ne?

Jama'a salamu alaikum, barkanmu da damina. Duk shekara in ruwa ya zauna haka sai tambayoyin birki da na batir su ragu, na masu fo-wil su cika min waya, kowa ya je ya gwada ƙarfi da taɓo ya dawo da labari. Na tsamo guda huɗu masu kama da juna, ta farkon ce zata ci fili dan ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Masta barka da aiki, ya gareji ya yaran aiki. Ni ɗan uwanka ne daga Aboabo nan Kumasi, ina sayen doya da masara a ƙauyukan bayan Atebubu har wajen Kwame Danso. Inada Land Cruiser 80 ta 1996 mai injin 1HZ, irin wadda ake kulle hob, makullin dake tsakiyar tayar gaba, da hannu. Watan jiya na tarar Kia ɗin da ya ɗauko min kaya ya kafe a taɓo, na ɗaura igiya a gaban motata na sa ogzileri, wato giyar ƙarfi ta fo-wil, na ja shi da ribas, ina cikin ja sai naji ƙas! daga ƙafar dama, sitiyari ya riƙe, ashe Birfield ne ya fashe, gaɓar nan dake bakin shaf wajen taya. Kwana na biyu a daji kafin yaron fita, wato makanike, ya iso da na hom-yus, tsoho ɗan waje. Yanzu ɗan yayana dake Bronx a Amurka yace zai turo min shaf, sandar dake juya taya, da Birfield na ƙarfen kuromoli gaba ɗaya wai su basa karyewa, ni dai in biya kuɗin jirgi da duti. Tayata 265/75R16 ce amma inaso in koma 315 dan motar ta ƙara tashi. In karɓa ne ko ince ya turo kuɗin kawai?

AMSA: Alhaji sannu da wahala, Allah ya kiyaye gaba, kwana biyu a dajin can da sauro ba wasa bane. Amma bari in faɗa maka gaskiya tun daga farko ko da bazata yi daɗi ba: ba shaf ɗin ne yayi laifi ba, yadda ka ja Kia ɗin ne. Ka haɗa abu uku da duk wanda ya taɓa buɗe aksil ɗin gaba yake tsoro, ribas, ogzileri, da kaya mai nauyi a ɗaure a hancin mota, kuma na rantse ko ban gani ba sitiyarin a karye yake gefe ɗaya lokacin, dan a hanyar ƙauye wa zai samu filin da zai ja a miƙe.

Ga abin dake faruwa a ciki. Birfield ɗin nan ƙwallayen ƙarfe ne guda 6 a cikin keji, kejin a cikin wani kofi, shine yake bari taya ta juya hagu da dama alhali tana karɓar ƙarfin injin. Tsohuwar dabara ce, wani injiniya Alfred Rzeppa ya fito da ita tun shekarun 1920. In taya na miƙe ƙwallayen na zaune tsakiyar kofin kowa ya ɗau rabonsa na nauyi, amma in ka karya sitiyari har ƙarshe sai su gangaro bakin kofin inda ƙarfen yafi siriri, to a nan ne in ka taka totur kofin ke tsagewa ko kejin ya tarwatse, guntayen kuma su maƙale cikin ƙwallon aksil, shi yasa sitiyarinka ya riƙe. Sannan ka duba lissafin ogzileri: giya ta ɗaya na ninka ƙarfin injin wajen sau 4, ogzileri na 80 ya sake ninkawa wajen sau 2.5, difarenshal, mai raba ƙarfi tsakanin tayar hagu da ta dama, ya ƙara wajen sau 4, ka ga an kai kusan sau 40 kenan kafin ƙarfin ya iso shaf, ribas ma bata gaza haka ba. Mutane na raina 1HZ wai bashi da gudu, eh bashi da gudu, amma ninka shi sau 40 ka gani. Kuma da ka ja da baya igiya na gaba, nauyin aikin duk ya koma ƙafafun gaba, waɗanda su ne ƙanana. A 80 kirawun, babban zoben haƙora dake cikin difarenshal, na baya inci 9.5 ne, na gaba inci 8 kacal, kuma na gaban an yanka haƙoransa ne dan yayi ƙarfi in ana tafiya gaba, in ka ja kaya da ribas bayan haƙoran ne ke ɗaukar nauyin. Da ka juya motar ka ɗaura a baya ka ja da giyar gaba a miƙe, wata ƙila da yanzu bamu wannan hirar.

To maganar kuromoli. Ba ƙarya bane, ƙarfe ne mai kyau, wanda aka fi yi dashi shine mai lamba 4340, ƙarfe ne da aka haɗa da nikel da kuromiyam da molibdenam, 40 ɗin ƙarshe kuma na nufin kabon ɗin dake ciki wajen kashi 0.40 cikin 100 ne. Yana murɗuwa ya dawo a inda na kamfani zai tsinke, akwai sunaye da aka sani dashi irin su Longfield da RCV, kuma set ɗin gaba ɗaruruwan daloli ne, wasu sun haura dubu, kafin kuɗin jirgi kafin mutanen duti a Tema su ce nasu. Amma cewa baya karyewa wannan zancen talla ne, kuma ko a ce bai karye ba ɗin, ina ƙarfin zai tafi? Ai baya ɓacewa. Igiya inda tafi siriri take tsinkewa, in ka ƙara mata kauri a nan sai ta nemi wani wurin. A motarka in Birfield yaƙi fashewa na gaba a layi shine hob, ko kirawun da finiyo, ƙaramar giyar dake juya shi. Birfield kuwa yaron fita ya canza maka shi a gindin bishiya da jak da sifana da ledar giris, ka gani da idonka. Kirawun da finiyo fa? Sai an ciro difarenshal ɗin gaba ɗaya, a samo set, a samu wanda ya iya saita haƙora ya zauna da shuɗi yana duba inda suke haɗuwa, ba kowane fita ne ya iya ba ko a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da kayan gyara ta Kumasi, kuma dole lambar giyar gaba ta zo ɗaya da ta baya in ba haka ba ka sayi wata rigimar. Ana kukan targaɗe sai ga karaya kenan.

Na taɓa gani da idona lokacin ina yaron aiki, wani mai katako dake shiga dajin Sefwi ya gaji da canza Birfield, ya sa aka kawo masa masu ƙarfi daga waje, ya zo yana ta cika baki a gareji har da sayo mana waakye. Ba a yi wata biyu ba aka jawo motar, da muka kwance magudanar man difarenshal haƙoran kirawun ne suka riƙa faɗowa cikin kwano kamar tsakuwa, shaf ɗin nan kuwa lafiyarsa lau yana ƙyalli. Mastana Allah ya jiƙansa ya ɗaga shaf ɗin yace to ga shi nan bai karye ba, sai ka hau shi ka koma daji.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, irin waɗannan Birfield ɗin na wasan duwatsu ana gasa su ne ta yadda zasu jure bugu, ba dan su daɗe suna juyawa kan kwalta ba, shi yasa masu 80 irin wadda ƙafa huɗunta ke ja kullum suke kukan suna saurin cinyewa su fara ƙas-ƙas. Kai taka mai hob ɗin hannu ce, wannan bai dame ka sosai ba tunda in ka buɗe hob shaf hutawa yake daga Kumasi har Ejura har Atebubu, amma dai ka sani.

Yanzu abin da nake so ka yi kafin ka kira Bronx. Ka sa a buɗe ɓangaren hagu wanda bai karye ba, ka tsaya a wurin ka gani da kanka kar a baka labari. In giris ɗin ciki baƙi ne mai kauri yana manne, alhamdulillah. In kuwa ya zama ruwa-ruwa kamar kunu yana tsiyaya ta bayan ƙwallon aksil yana ɓata taya ta ciki, to oyil sil na cikin aksil ya mutu, man difarenshal ya ratso ya wanke giris, kuma in haka ne Birfield ɗinka na dama ya daɗe yana aiki a bushe, Kia ɗin ƙarasa shi kawai yayi. Mota ta 1996 fa, wa ya san rabon da a buɗe wurin? Mafi yawan waɗanda nake ciro wa a fashe ba sababbi masu lafiya bane, tsofaffi ne da suka sha ruwan rafi da yashi. A canza sil na ciki, da boris na sama da ƙasa da ƙafar ke juyawa a kai, da robobin bayan ƙwallon, a cika da giris mai moli, baƙin nan, ba jan giris na boris ɗin taya ba, a zuba sabon mai 80W-90 a difarenshal. Sannan a duba ƴar tiyon numfashin aksil dake sama, in ta toshe aksil ya ɗau zafi ka faɗa ruwa mai sanyi sai ya zuƙo ruwan ta sil, ku masu tsallaka rafuka kullum wannan ƙaramin abin ya fi muku kuromoli amfani, a ja tiyon a kai shi sama cikin ɗakin injin. Na hom-yus ɗin da aka sa maka a daji ma a sake ciro shi a wanke a duba, dan a daji ba duba ake ba, sauri ake.

Sai taya, kuma a nan ne zan ɗan ja kunnenka Alhaji. 265/75R16 tsayinta wajen inci 31.6 ne, 315/75R16 kuwa wajen 34.6, ƙarin kusan kashi 10 cikin 100, ga nauyi ga faɗi ga kamun ƙasa. Taya ai kamar dogon sifana ce a kan shaf, iya tsayinta iya murɗar da take masa in ta kafe, kuma duk wannan dan ƙasan difarenshal ya tashi inci ɗaya da rabi kawai. 1HZ ɗinka zai ƙara nauyin jiki a hawa, zaka riƙa taka totur fiye da da, mai ya ƙaru, birki ya ragu, kuma in ta fashe a Kwame Danso ina zaka samu 315? In dole sai ka ƙara to ka tsaya a 285/75R16, wajen inci 33, aksil ɗin 80 na ɗaukarta ba gardama in ƙafar direba nada hankali. Abin dake tsinka shaf a taɓo ba ƙarfin ja a hankali bane, taya ce ta ɗaga sama ko tana wulwulawa cikin caɓi da gudu sai kwatsam ta cafki busasshiyar ƙasa ko saiwa, wannan fizgar ita ce ajali. In kaji tana wulwulawa ka ɗaga ƙafa, ka sauka ka rage iska, ka sa reshe, ba a jin kunyar shebur.

Dan haka ni dai a ganina kace wa yaron Allah yayi albarka ya turo kuɗin, ko ya sayo maka kit ɗin sil da boris na asali da Birfield na asali guda ɗaya ka ajiye a mota da giris ɗinsa, in zai saya ka tura masa lambar shasi dan akwai mai zoben ABS akwai marar shi, shaf ɗin ciki ma ɗaya gajere ne ɗaya dogo. Ragowar ka sayi winci ko igiyar ja ta kirki. Ranar da ka sa taya mai inci 35 da loka, abin kulle difarenshal, a gaba kuma ka fasa sabon Birfield na asali mai giris, dawo mu yi maganar kuromoli, ranar ni da kaina zan ce ka saya. Af, kuma in ta sake faruwa Allah ya kiyaye, ba sai ka kwana ba, a ciro fasasshen da guntayensa a toshe bakin aksil da tsumma mai tsabta a mayar da ƙafa, ka buɗe hob biyu ka cire fo-wil ka taho da ƙafar baya a hankali.

TAMBAYA: Masta ina gaisuwa. Ni mace ce ina da Hilux Vigo da direba ke kai min kaya Yeji da Salaga. Bara ya matsa aka ɗaga motar, tun daga nan sau uku ana canza shaf ɗin gaba, yanzu yace sai an sayo masu ƙarfi na waje. Ni ban san komai a mota ba kuɗi kawai nake fitarwa. Daga ƴar uwarka a Asawase.

AMSA: Hajiya barka da ƙoƙari, kuma kin san wani abu a mota tunda kin lura daga ɗagawar ne abin ya fara, amsar kenan ma kin bada da kanki. Vigo ba irin motar Alhajin sama bace, tun fitowarta a 2004 ƙafafun gabanta kowace da kanta take motsi, difarenshal na manne a jikin shasi, shaf biyu gajeru ne ke sauka zuwa taya kowanne da gaɓa biyu cikin roba mai ninki. In aka ɗaga mota difarenshal ya tashi da ita, taya kuwa tana ƙasa, sai shaf ya tsaya a karkace kullum, ninkin robar na gugar juna har ta yage, giris ya fita yashi ya shiga, bayan sati kaɗan ki ji ƙas-ƙas-ƙas in ana kwana. In kuma motar bata da hob ɗin da ake buɗewa da hannu, shaf ɗin juyawa yake duk inda taya ta juya ko ba a sa fo-wil ba, wato Kumasi zuwa Yeji duk a karkace yake aiki. Ko na zinariya kika sa robar ce zata fara yagewa.

Ki tura motar a auna nawa aka ɗaga. In ya wuce inci 2 a sauke ta, ko a sa ƴan ƙarafan da ke sauko da difarenshal ƙasa kaɗan. Sannan ki tambaya waɗanne irin shaf ake sa miki sau ukun nan, dan akwai sababbi masu araha cikin kwali mai kyau da tsohon na asali hom-yus ya fi su nesa ba kusa ba in aka wanke shi aka sa masa sabuwar roba da giris. Ki ce a riƙa kawo miki tsohon da aka cire ki gani, ba wai ina zargin kowa bane, amma mai fitar da kuɗi nada haƙƙin ganin gawa. Kuma ki tambayi direban cikin hira, ba da faɗa ba, ko yana mantawa da fo-wil a ciki in ya hau kwalta bayan ya sauko daga fantun, jirgin ruwan dake tsallakar da motoci. Irin wannan motar bata da difarenshal na tsakiya, a kan kwalta ƙafar gaba da ta baya sai su riƙa murɗe juna a kowace kwana har wani abu ya gaji.

TAMBAYA: Masta ni yaronka ne daga Nima, Akra. Na sayi Jeep Wrangler 2012, ba Rubicon ba, na sa mata taya 35, muna fita da abokai ƙarshen sati wajen tsaunukan Aburi. Ban karya komai ba tukuna amma a intanet kowa cewa yake in canza shaf.

AMSA: Ƙanena kai ne kaɗai a cikin masu tambayar yau da zan ce maganar ta shafe ka da gaske, dan aksil ɗin gabanka Dana 30 ne, shaf mai haƙora 27, Rubicon ce ke zuwa da Dana 44 mai 30 da loka, kuma ƙarfin shaf ba a hankali yake ƙaruwa da kauri ba, ƙara kashi 10 a kauri na bada kusan kashi 33 a juriyar murɗa. Taya 35 a kan Dana 30 iyakarsa kenan. Amma ko kai ɗin ba shaf ne farkon abin da zai baka ciwon kai ba, a wannan aksil ɗin bol-joyin ne ke fara mutuwa, bututun aksil da kunnuwansa su lanƙwashe in ana tsalle da mota, sannan kirawun ɗinsa wajen inci 7 ne kawai, ka sa masa shaf da baya karyewa ka ga inda abin zai koma. In baka da loka a gaba kuma ba tsalle kake ba, ka bar na kamfanin, ka duba kuros ɗin dake bakin shaf duk bayan fita, in kaga hular kuros ta fara juyawa ko kilif ya fita canza nan take dan shi ke fara saki ya tafi da kunnen shaf. In kuma zuciyarka na kan loka da duwatsu, kar ka zuba daloli a Dana 30, tara su ka sa ido a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Akra, ko ka sa a nemo maka aksil ɗin Rubicon sukutum, ka tabbatar lambar giyarsa ta dace da ta baya. Waɗanda ke rubutu a intanet ɗin nan a duwatsun Amurka suke hawa, kayan gyara na iso musu ƙofar gida, kai kuwa naka sai ya biyo teku.

TAMBAYA: Masta shaf ɗin Patrol ɗina ya tsinke wajen haƙora, mai walda yace zai haɗa min ya fi sabo ƙarfi. Daga Tafo.

AMSA: Malam kar ka yarda. Shaf gasa shi aka yi a masana'anta, bayansa tauri cikinsa laushi, wutar walda na taɓa shi ta kashe gashin, gefen ɗinkin zai sake tsinkewa kuma da wuya ya fito a miƙe, zai riƙa cin sil. In a daji ne dan ka iso gida, to, wannan lalura ce. Amma kana Tafo, Suame na nan kusa da kai ko mota ɗaya ce, ɗauki guntayen biyu ka tafi dasu a ƙirga haƙoran a gwada tsayi, ka dubi haƙoran wanda za a baka da kyau a rana, in sun fara karkacewa kamar igiyar da aka murɗa ajiye musu kayansu ka shiga shago na gaba. Kafin a zura sabon kuma a sa maganaɗisu a tsince ɓarɓashin da ya rage cikin aksil, a zubar da man a sa sabo.